Faɗuwa ta zo daidai da zama? Duwatsun samaniya da ɓullar dabbobin farko

A tsaunin Kinnekulle da ke kudancin Suwidin akwai wata mahaƙa mai suna Thorsberg, inda ake yanka wani dutse mai jaja-jaja ana daɓen gine-gine da shi. Shekara da shekaru, in masu yankan suka ci karo da baƙin tabo a jikin falle, sai su wurgar da shi gefe, tunda ba mai son daɓe da tabo. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka fara gane abin da ake zubarwa, a 1992 kuma aka shiga neman tabon da gangan. Ashe duwatsu ne da suka faɗo daga sararin samaniya, suka nutse cikin laka a ƙasan wani teku mara zurfi, kimanin shekara miliyan 466 da suka wuce. Lakar ta daskare ta zama dutse, ta riƙe su tare da ɓawon halittun ruwan da suka mutu a gefensu. Zuwa yau an tsinto fiye da 100 a wannan mahaƙa guda ɗaya.

Abin da ya sa waɗannan duwatsu suka zama abin jayayya shi ne lokacin faɗowarsu. A daidai wannan zamani ne dabbobin teku suka yi wata irin yaɗuwa da ba su taɓa yin irinta ba. Tambayar da ta biyo baya kuwa ba ta tsaya a kan Suwidin ba: anya duwatsun da ke faɗo wa duniya daga sama ba su da hannu a tasowar dabbobi tun daga farko?

Kafin 1980, masanin duwatsun da ya kawo irin wannan magana dariya za a yi masa. A shekarar ce Luis Alvarez da ɗansa Walter da abokan aikinsu suka bayyana cewa sun sami sinadarin iridiyam mai yawan gaske a cikin wata siririyar shimfiɗar yumɓu kusa da garin Gubbio na Italiya. Iridiyam ba shi da yawa a ɓawon duniya, amma yana da yawa a duwatsun samaniya, kuma shimfiɗar tana daidai inda labarin dainaso, manyan dabbobin da suka mallaki doron ƙasa a da, ya yanke. A 1991 aka tabbatar da ramin da dutsen ya bari, wato Chicxulub da ke yankin Yukatan a Meziko, mai faɗin kilomita kusan 180. Dutse mai faɗin kilomita 10 ne ya faɗo shekara miliyan 66 da suka wuce, ya tafi da kusan kashi 75 cikin 100 na jinsunan halittu. Dabbobi masu shayarwa, waɗanda suka shafe shekaru fiye da miliyan 100 suna raɓe-raɓe a ƙarƙashin dainaso, suka sami fili. Faɗuwar wani tashin wani.

Daga nan ƙofa ta buɗe. In dutse guda ya iya sauya masu mulkin doron ƙasa, me zai hana a ce wani dutsen ne ya share wa dabbobi hanya tun da fari? Tunanin yana da daɗin ji, kuma a ganina daɗin nasa ne ya sa ya kamata a yi masa tambayoyi masu tsauri.

Da farko dai, tasowar dabbobi ba rana ɗaya aka yi ta ba. Duniya ta kai shekara biliyan 4.5, kuma a mafi yawan wannan lokaci mazaunanta ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Tsakanin shekara miliyan 717 da miliyan 635 da suka wuce ƙanƙara ta lulluɓe duniya sau biyu, har zuwa yankunan da ke kusa da ikwaita. Bayan ta narke aka shiga zamanin Idiyakaran, wanda ya samo suna daga tuddan Ediacara na Kudancin Ostireliya, inda Reg Sprigg ya ga sawun wasu halittu masu laushin jiki a 1946. Wasu daga cikin mafi tsufan manyan halittun wannan zamani suna tsibirin Newfoundland na Kanada, shekarunsu wajen miliyan 574, kuma siffarsu ta fi kama da ganye ko gashin tsuntsu fiye da dabba. Daga baya aka sami irin su Dickinsonia, wadda a 2018 aka gano ragowar kitsen kolestarol a burbushinta da aka haƙo a gaɓar Farin Teku a Rasha, shaidar da ta ƙarfafa cewa dabba ce. Sai zamanin Kambiriyan, wanda ya fara shekara miliyan 539 da suka wuce. A cikin shekaru miliyan 20 da 'yan kai, kusan duk manyan tsare-tsaren jikin dabba da muka sani suka bayyana a cikin duwatsu: masu ƙafafu gaɓa-gaɓa, masu ɓawo, masu idanu, har da kakannin masu ƙashin baya, kamar yadda burbushin Chengjiang na ƙasar Sin ya nuna. Na ƙarshe shi ne zamanin Odobishiyan, daga wajen miliyan 485 zuwa 444, lokacin da ba a ƙirƙiro sababbin tsare-tsaren jiki da yawa ba, amma waɗanda ake da su suka yi rassa har ire-iren dabbobin teku suka ninka kusan sau uku.

Ke nan wanda ya ce dutsen samaniya ne ya taso da dabbobi, sai a tambaye shi: a wane mataki? Tsakanin narkewar ƙanƙara da tsakiyar Odobishiyan akwai shekara kusan miliyan 170, fiye da ninki biyu na tazarar da ke tsakaninmu da dainaso na ƙarshe.

Sannan ta wace hanya bala'i zai zama alheri? Hanya ɗaya ita ce wadda Chicxulub ya nuna, a kawar da waɗanda suka tare wuri, na baya su samu shiga. Wata kuma ita ce taki. Misali mafi kyau a nan ya girmi dabbobi nesa ba kusa ba. A duwatsun Barberton na Afirka ta Kudu akwai alamar wani dutse da ake kira S2, wanda ya faɗo shekara biliyan 3.26 da suka wuce, kuma nauyinsa ya ninka na Chicxulub sau 50 zuwa 200. Nadja Drabon ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta sun nuna a 2024 cewa faɗuwar ta tayar da igiyar ruwa mai girma wadda ta kwaso ƙarfe daga zurfin teku zuwa sama, zafinta ya tafasa saman teku, dutsen kansa kuma da zaizayar ƙasar da ta biyo baya suka zuba fosfaras, sinadarin da ke zame wa halittu taki, a ruwa. Ƙwayoyin bakteriya masu rayuwa da ƙarfe suka farfaɗo da sauri, har suka yi yawa. Amma bakteriya daban, dabba daban. Abin da ya zame wa ƙwayar da ke rabuwa biyu cikin sa'o'i taki, zai iya zama ajalin halittar da ke buƙatar iskar oksijin da tsayayyen yanayi. Hanya ta uku ita ce sauyin yanayi, kuma ita ce za mu tarar a Suwidin.

Zargi mafi tsufa da ya shafi dabbobi, daga wata aka samo shi. A 2020 Kentaro Terada na Jami'ar Osaka da abokan aikinsa sun duba hotunan da kumbon Kaguya na Japan ya ɗauko, suka ƙiyasta shekarun manyan ramuka 59 da ke fuskar wata. Takwas daga ciki, har da Copernicus mai faɗin kilomita 93, sun fito da shekaru kusan ɗaya, wajen miliyan 800. Suka ce wani babban dutse ne ya tarwatse, ɓaraguzansa suka yi wa wata ruwa, kuma tunda duniya ta fi wata girma da ƙarfin jawowa, abin da ya same ta zai ninka dutsen Chicxulub sau 30 zuwa 60 a nauyi, tare da fosfaras mai tarin yawa. Lissafin da ake yi da ƙwayoyin gado yana nuna cewa asalin dabbobi na iya komawa kusa da wannan zamani, don haka maganar ta ja hankali. Sai dai ba zan daɗe a kanta ba, domin a doron ƙasa ba a nuna ramukan ba. Kuma alamar sinadarai da ke nuna lokacin da gansakukar teku ta karɓe ragama daga hannun bakteriya, wadda Jochen Brocks da abokansa suka bayyana a 2017, tana tsakanin miliyan 659 da 645, a tsakiyar ƙanƙarar nan biyu. Su kuwa ƙanƙarar suka ɗora wa alhakin, domin ita ta niƙe duwatsun nahiyoyi ta zuba fosfaras ɗinsu a teku. Taki ya samu ba tare da an jira saƙo daga sama ba.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne Acraman. A tuddan Gawler na Kudancin Ostireliya akwai wani busasshen tafkin gishiri mai wannan suna, kusan zagayayye, mai faɗin kilomita 20. George Williams ya lura da siffarsa a hotunan tauraron ɗan'adam, ya je ya tarar da duwatsun wurin a farfashe ta hanyar da bugu mai tsananin ƙarfi kaɗai ke iya yi. A wani ɓangaren kuma, Victor Gostin da abokan aikinsa suna ta mamakin wata siririyar shimfiɗa a tsaunukan Flinders, kilomita 300 gabas da tafkin. A tsakiyar lallausar lakar teku da ta zama dutse, sai ga gutsattsarin wani dutsen aman wuta da ba na wurin ba, kamar an watso su daga sama. Da aka gwada, sai aka ga 'yan asalin Gawler ne. A 1986 ɓangarorin biyu suka fitar da sakamakonsu tare. Samun rami da kuma ɓaraguzan da ya watsar a wuri mai nisa, a duwatsu masu irin wannan tsufa, abu ne da ba kasafai ake dace da shi ba. Zaizaya ta cinye saman ramin, amma ƙiyasin da aka fi ambata ya ce faɗinsa na asali ya kai kilomita 85 zuwa 90, kuma abin ya faru tsakanin shekara miliyan 590 da 580 da suka wuce. Wato gab da bayyanar manyan halittun Idiyakaran.

A 2003 Kathleen Grey da Malcolm Walter da Clive Calver suka ƙara wa wutar itace. Sun bi diddigin wasu ƙananan burbushi da ake kira akiritak, 'yan ƙunshi masu tauri da ba a gani sai da madubin ƙara girma, a cikin duwatsun da aka haƙo daga rijiyoyin bincike a Ostireliya. A ƙasan shimfiɗar Acraman, akiritak ɗin 'yan dunƙule ne masu santsi, kusan duk iri ɗaya. A samanta kuwa sai ga manya masu ƙayoyi da ado iri-iri, jinsi fiye da 50 da ba a gani a ƙasa ba. Suka ce ba narkewar ƙanƙara ce ta kawo wannan sauyi ba, tunda ta riga shi da shekaru miliyoyi masu yawa. A fahimtarsu ƙurar faɗuwar ce ta tare rana, ta kashe ƙwayoyin da suka mamaye saman teku, waɗanda ke iya ƙulle kansu cikin ɓawo su jira kuma suka tsira, suka gaji wurin. In abincin da ke gindin rayuwar teku ya sauya, ba abin mamaki ba ne masu cinsa su biyo baya.

Biri ya yi kama da mutum. Amma akwai abubuwan da suka hana ni sakin jiki da labarin. A kudancin Sin, a duwatsun Doushantuo, akiritak masu ƙaya sun bayyana jim kaɗan bayan narkewar ƙanƙara, kusa da wata shimfiɗar toka da aka auna shekarunta aka samu miliyan 632. Sun riga Acraman da shekara miliyan 40 ko fiye. Ke nan abin da aka gani a Ostireliya yana iya zama isowarsu yankin, ko kuma sauyin zurfin ruwa da irin lakar da ke adana su, ba haihuwarsu ba. Sannan shekarun Acraman kansu ba a auna su kai tsaye da daidaito ba, daga matsayin shimfiɗar a cikin jerin duwatsu aka ƙiyasta su, shi ya sa ake ba da tazarar shekara miliyan 10. A cikin wannan tazara kuwa akwai wani babban lamari, ƙanƙarar Gaskiers, wani lulluɓin ƙanƙara da ya biyo bayan biyun farko, wadda aka auna da kyau a wajen miliyan 580, kuma manyan halittun Newfoundland sun bayyana ne 'yan miliyoyin shekaru bayanta, a lokacin da sinadaran duwatsun wurin ke nuna oksijin ya isa zurfin teku. Mai neman dalili yana da waɗanda zai tuhuma fiye da ɗaya, kuma dutsen Acraman, wanda faɗinsa bai wuce rabin na Chicxulub ba, ba shi ne mafi ƙarfinsu ba.

A bakin Kambiriyan kuwa, inda aka fi buƙatar dutsen in har labarin zai tsaya da ƙafafunsa, babu shi. An yi ta nema. A shekarun 1980 an ba da rahoton iridiyam kusa da wannan iyaka a kudancin Sin, amma sauran shaidun da ke rakiyar faɗuwar dutse ba su biyo baya ba, babu rami, babu shimfiɗar ɓaraguzai da za a bi daga nahiya zuwa nahiya. Abin da masana suka sa ya zama alamar farkon Kambiriyan ma abu ne mai tawali'u: sawun ramin wata tsutsa a duwatsun Fortune Head na Newfoundland. Dabba ta koyi haƙa cikin laka, ta yamutsa shimfiɗar bakteriyar da halittun Idiyakaran ke kwance a kai, wata ta koyi farauta, wata ta yi ɓawo don kare kai, wata ta yi ido. Ƙarin oksijin ya ba da damar jiki mai motsi da cin nama, zaizayar nahiyoyi ta zuba sinadaran gina ɓawo a teku. Bayanin da akasarin masana suka fi karkata gare shi ke nan, kuma duk abin da yake buƙata yana nan ƙasa.

Mu koma Suwidin, inda lamarin ya juye. A Acraman ana da sauyin halittu amma lokacin faɗuwar na rawa. A Odobishiyan kuwa ruwan duwatsun ba shi da shakka ko kaɗan, kuma yadda aka tabbatar da shi na cikin ayyukan bincike da suka fi burge ni.

Tun kafin a san da mahaƙar Thorsberg, masu nazarin duwatsun da ke faɗowa a zamaninmu sun lura cewa wani rukuni da ake kira kondirait na L, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na duk abin da ke faɗowa, da yawansu na ɗauke da tabon wani mummunan karo da ya faru shekara kusan miliyan 470 da suka wuce. Wani dutse mai faɗin kilomita 150 ne ya tarwatse a ɗamarar duwatsun da ke tsakanin duniyar Mas da ta Jufita. Da Birger Schmitz, wanda daga baya ya koma Jami'ar Lund, ya binciki duwatsun mahaƙar, sai ya tarar kusan dukkansu 'yan wannan rukuni ne. Shekaru sun sauya kusan duk ma'adinan da ke cikinsu, sai ɗaya mai taurin kai da ake kira kuromait, wanda sinadaransa ke fallasa asalinsa. Sai Schmitz ya shiga narkar da dutsen mahaƙar da asid, shimfiɗa bayan shimfiɗa, yana ƙirga ƙwayoyin kuromait da suka rage. A shimfiɗun ƙasa da kyar ake samun ƙwaya 'yan kaɗan a cikin dutse mai yawa. Daga wani layi zuwa sama sai adadin ya yi tsalle ya ninka sau ɗari ko fiye. An sami irin wannan tsalle a duwatsun zamanin a Rasha da kuma Sin, wato abin ya game duniya.

Akwai wata shaidar da ta fi wannan kyau. Dutsen da ke yawo a sarari, wasu tartsatsi masu ƙarfi na dukansa suna haifar da iskar niyon a cikinsa, gwargwadon daɗewarsa a hanya. Da aka auna, sai aka ga duwatsun da ke shimfiɗar ƙasa sun yi tafiyar shekara wajen 100,000 kafin su iso, na sama kuma sun yi kusan miliyan ɗaya. Kowane hawa, tafiyar na ƙara tsawo. Haka kuwa ya kamata a gani in duk rana ɗaya suka baro gida. A 2016 ma an bayyana wani dutse guda daga mahaƙar, Österplana 065, wanda bai yi kama da kowane irin da aka sani ba, kuma ana kyautata zaton guntun wanda ya kai karon ne.

A 2008 Schmitz da abokan aikinsa suka ce farkon wannan ruwan duwatsu ya zo daidai da lokacin da dabbobi masu ɓawo biyu da ake kira birakiyofod suka fara yawaita a tekun yankin Baltik. Hujjarsu ita ce, bugu mai matsakaicin ƙarfi da ke zuwa a kai a kai yana hargitsa mazauni ba tare da ya shafe shi ba, yana hana jinsi ɗaya mamaye ko'ina. A 2017 wasu masana, ciki har da Anders Lindskog na ita Jami'ar Lund ɗin, suka tsinto ƙwayoyin zirkon, wani ma'adini da ake auna shekarun dutse da shi, daga tokar aman wuta da ke cikin shimfiɗar duwatsun, suka auna su da agogon yuraniyam da dalma, suka samu shekara miliyan 467.5. Da suka jera wannan da tarihin burbushin, sai suka ce yaɗuwar dabbobin ta riga ta kankama kafin dutse na farko ya iso. Wanda ya zo bayan an fara abu kuwa ba shi ya fara shi ba.

Schmitz bai janye ba, sai dai ya sauya hanya. A 2019 ya dawo da cewa ba manyan duwatsun ba ne abin dubawa, ƙurar ce. Tarwatsewar ta cika sararin da duniya ke kewayawa da ƙura mai laushi, wadda ta ninka ta yau sau dubu ko fiye, ta shafe shekara sama da miliyan 2 tana sauka, kamar yadda sinadarin hiliyam na samaniya da ke cikin duwatsun ya nuna. Ƙurar ta rage hasken rana, duniya ta yi sanyi, ƙanƙara ta taru, teku ya ja baya, kuma a duwatsun Suwidin ana ganin alamar raguwar zurfin ruwa a daidai wurin. Duniyar da a da ɗuminta kusan ɗaya ne ko'ina ta rabu zuwa yankuna masu yanayi daban-daban, kowane yanki ya tsiro da nasa jinsunan. Sanyin kuma a hankali ya zo, ba kamar na Chicxulub da ya sauka dare ɗaya ba, don haka halittu suka sami sararin sabawa.

Wannan bayani ya fi na farko ƙarfi, domin ya kawo hanyar da za a iya aunawa. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Tun a 2008 Julie Trotter da abokan aikinta sun auna sinadarin oksijin a haƙoran wasu ƙananan halittun teku na zamanin, suka nuna cewa tekun farkon Odobishiyan ya kai zafin digiri 40, kuma ya yi ta hucewa sannu a hankali na shekaru miliyoyi, har ya sauko zuwa irin zafin tekunan ikwaita na yau a tsakiyar zamanin. Sanyin ya riga ƙurar farawa. Haka ma yaɗuwar dabbobin, ba lokaci ɗaya ta faru a ko'ina ba: ƙananan halittu masu yawo a ruwa sun riga na ƙasan teku, masu gina tudun murjani sun zo daga baya, kuma kudancin Sin da yankin Baltik kowanne da nasa lokacin. Iyakar abin da zan iya amincewa da shi shi ne ƙurar ta iya tura motar da ta riga ta kama gangara.

Ba a rasa masu ƙarin gishiri ba. A 2024 Andy Tomkins na Jami'ar Monash da abokansa sun lura cewa ramuka 21 da aka sani na wannan zamani duk suna cikin digiri 30 daga ikwaitar wancan lokaci, alhali mafi yawan ƙasar da za ta iya adana rami tana wajen wannan yanki. Suka ce wataƙila wani babban guntu ne ya matso kusa da duniya, ƙarfin jawowarta ya yayyaga shi, ya zama zobe irin na duniyar Satun, yana zubo da duwatsu a hankali, inuwarsa kuma tana sanyaya ƙasa. Hasashe ne mai ban sha'awa, kuma har yanzu hasashe ne.

Duk waɗannan muhawarori a wuri ɗaya suke tsayawa, wato agogo. An yarda da Chicxulub ne domin shaidunsa sun haɗu a layi ɗaya mai kaurin yatsa a ɗaruruwan wurare a faɗin duniya, kuma awon da aka yi a 2013 ya sa faɗuwar da mutuwar a cikin tazarar da ba ta wuce shekara 32,000 ba. A duwatsun da suka kai shekara miliyan 580, kuskuren kashi ɗaya cikin 100 kacal ya kusa shekara miliyan 6. A cikin irin wannan tazara, in ka nemi faɗuwar dutse za ka samu, domin duwatsu masu faɗin kilomita ɗaya ko fiye suna faɗo wa duniya fiye da sau ɗaya a kowace shekara miliyan. In ka nemi sauyin halittu ma za ka samu. Haɗa su a jimla ɗaya ba wuya.

Ramin Manicouagan da ke Kebek a Kanada ya isa darasi. Faɗinsa na asali ya kai kilomita 100, wato ya kai Acraman ko ya fi shi. An daɗe ana tuhumarsa da babbar mutuwar halittun da ta faru shekara miliyan 201 da suka wuce, har sai da aka auna zirkon ɗinsa aka samu wajen miliyan 214. Ya riga laifin da shekara miliyan 13, kuma a nasa lokacin ba a ga wata gagarumar mutuwa da ta game duniya ba. Haka Popigai na Saiberiya, mai irin wannan girma, wanda ya faɗo wajen shekara miliyan 35 da suka wuce. Cikin manyan mace-macen halittu biyar da aka sani, ɗaya tak aka tabbatar wa dutsen samaniya. In dutse mai ramin kilomita 100 zai faɗo rayuwa ta ci gaba da harkarta, to mai cewa irinsa ne ya juya akalar tekun Idiyakaran yana da sauran bayani.

Adalci dai shi ne a faɗi ɗaya gefen. Rashin rami ba ya wanke kowa, domin duniya gwana ce wajen share sawu. Ramukan da aka tabbatar a doron ƙasa wajen 200 ne kacal, alhali fuskar wata cike take da su. Kashi biyu cikin uku na duniya teku ne, kuma ƙasan teku na nutsewa cikin duniya yana sabuntawa, har kusan babu wanda ya wuce shekara miliyan 200. Duk dutsen da ya faɗa tsakiyar tekun Idiyakaran ko na Kambiriyan, raminsa ya tafi har abada. A kan tudu ma, ƙanƙarar da ta lulluɓe duniya ta kankare duwatsu masu kauri sosai, abin da wasu masana ke ganin shi ya sa ramukan da suka girme ta suka yi ƙaranci. Abin da ya rage wa mai nema shi ne irin aikin Gostin da Schmitz, bin shimfiɗa ɗaya bayan ɗaya ana neman ƙwayar da ba 'yar wurin ba.

Game da Acraman, abin da zai raba gardama sananne ne. A samu tokar aman wuta mai zirkon dab da shimfiɗar ɓaraguzan, a sama ko a ƙasa, a auna ta kamar yadda aka auna ta Gaskiers, sannan a nemo wannan layi a wata nahiya inda akwai akiritak. In sauyin ya faɗo kan layin a Sin ko Saiberiya kamar yadda ya faɗo a Ostireliya, Grey da abokanta sun yi gaskiya. Zuwa yanzu ba a ga ɓaraguzan Acraman a wajen Ostireliya ba.